Abin da Muka Koya a Birnin Benis na Italiya

Ni da uwargida mun kama masauki a Mestre, ɓangaren da ke kan tudu, domin kuɗin ɗaki ya fi sauƙi a can, kuma jirgin ƙasa kan tsallaka gada mai tsawon kusan kilomita 4 ya ajiye mutum a tashar Santa Lucia. Daga nan babu sauran mota, sai ƙafa ko jirgin ruwa, saboda an gina Benis ne a kan tsibirai 118 waɗanda gadoji fiye da 400 suka haɗa, kuma kusan kowace gada tana da matakala. Wanda ya zo da babban akwati zai sha ɗauka, mun kuwa ga masu haki da yawa.

Jirgin haya da ake kira vaporetto, mai lamba 1, shi ne ya nuna mana garin. Yana bin babban mashigin ruwa na Canal Grande a hankali, ya wuce ƙarƙashin gadar Rialto da aka kammala a 1591, ana kallon gidajen tsofaffin attajirai da gansakuka ta cinye matakalar ƙofofinsu. A cikinsu har da Fondaco dei Turchi, inda fataken Daular Usmaniyya suka riƙa sauka da hajarsu tun daga 1621. Kwalekwalen gondola kuwa, da uwargida ta ji Yuro 90 ne na rabin awa, sai ta ce, "Malam, mu dai a kai kasuwa." Muka shiga traghetto, wanda shi ma irin kwalekwalen ne, ya ƙetare da mu a kan Yuro 2 kowane mutum.

Dandalin San Marco da hantsi ba ya shiguwa saboda cunkoson baƙi, alhali mazauna tsohon garin ba su kai 50,000 ba, wannan ne ma ya sa tun 2024 ake karɓar kuɗin shiga daga masu ziyarar yini a wasu ranaku. Da muka koma bayan sallar asuba, daga mu sai masu shara da tattabaru, kuma a lokacin ne muka kalli fadar Doge, wato shugaban Benis na zamanin da, da hasumiyar da ta rushe a 1902 aka sake gina ta. Maganar abinci ba ta ba mu wahala ba, tun da kifi ya wadata, sai dai muna tambaya ko an zuba giya a miyar kafin mu saya.