Ruwan Katsina bai yi mani komai ba

Tsakanin Maraɗi da Katsina bai kai kilomita 100 ba. In ka bi ta Ɗan Isa ka tsallaka ta Jibiya, ka fito da hantsi, a birni za ka yi azahar. Shi ya sa da aka kawo ni aure a ƙarshen 2018 ban ɗauka ƙasar waje na zo ba. Sarkinmu na Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce mashi, tun da kakanninsa suka bar birnin bayan jihadi. A ganina gida na dawo.

Mai tumatir ne ya fara warware mani wannan tunani. Na ce, "Malam, dala nawa kashi?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, nan da naira muke sayarwa, ba mu kai Amurka ba tukuna." A wajenmu dala sefa biyar ce. Haka na yi ta tuntuɓe: in ce lakwal a ce makaranta, in ce farmasi a ce kemis, in ce lokotoro yaran gida su kwashe da dariya. Shekara takwas ina koyar da yara da Faransanci, na zo nan takardar wutar lantarki ma sai an karanta mani.

Wannan duk mai sauƙi ne. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, zuwa gida ya yi wuya, kuma a daidai lokacin jikina ya soma ƙi. In share tsakar gida sai na zauna sau biyu ina haki. Harshena ya yi sumul ya yi ja, yaji ba ya taɓuwa. Sai tafin ƙafa ya kama yi mani kamar ina taka ƙaya, da dare kuwa in ba fitila ba na sanin inda na ajiye ƙafata.

Kowa a gidan ya zama likita. Matan ƙannen Malam, mijina, suka ce kewar gida ce. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce in bincika, ba kowa ke murna da zuwan baƙuwa ba. Hajiya, uwar mijina, ta yanke hukunci: "Ɗiyar nan ruwan garin ne bai karɓe ta ba." Ni ma na yarda da maganarta, har na tsani randar gidan. Ta dage da dafa mani hanta, zogale, ruwan karan dafi, ga lemon malt da madarar gwangwani safe da yamma. Wani mai kemis ya haɗa mani maganin ƙarin jini, na sha kwalba uku. Hakin ya ɗan ragu, ƙafar kuwa sai abin da ya ci gaba.

Ranar da na faɗi a bakin murhu Malam ya kai ni asibiti. Likitar da muka samu, wata doguwa mai gilashi, ta daɗe tana kallon takardar gwajin jinina. Ta ce in ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, jajayen ƙwayoyin jini ƙanana suke zama, nawa kuwa manya ne, awonsu ya haura 100 alhali ƙa'ida tsakanin 80 da 100 ne. Ta sa aka auna bitamin B12, aka tarar ya yi ƙasa ƙwarai. Hajiya, da ta biyo mu, ta ce, "Likita, yarinyar da nake ɗura wa hanta kullum?"

"To ai nan tambayar take, Hajiya," in ji ta. Ta ce B12 a nama da kifi da ƙwai da nono yake, amma shi kamar amarya ne, ba ya shiga sai da ɗan rakiya. Wasu ƙwayoyi a bangon tumbi, waɗanda ke fitar da ruwan tsamin narka abinci, su ke samar da ɗan rakiyar. Shi zai riƙe bitamin ɗin har ƙarshen ƙaramin hanji, a can jiki ke tsotse shi. A wasu mutane garkuwar jiki kan rikice ta ƙera makamai a kan nata: wani makamin ya faɗa wa ƙwayoyin bangon tumbi, wani ya tare ɗan rakiyar. Waɗannan makamai biyu za a nema a jinina.

Ta hana a yi mani allura sai da aka ɗebi jinin, domin allurar B12 kan iya sa gwajin ya nuna abin da babu. Wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ne ya aika jinin Legas. Malam bai faɗa mani nawa ya biya ba, amma na ga fuskarsa.

Bayan kwana goma sakamako ya zo, duka biyun sun fito. Ta bayyana mani cewa gwajin ba nauyinsu ɗaya ba. Makamin ƙwayoyin tumbi ana samun sa a mafi yawan masu cutar, amma ana ganin sa a wasu masu lafiya ma, musamman tsofaffi, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Na ɗan rakiya kuwa in ya fito kusan magana ta ƙare, sai dai wajen rabin masu cutar ba a gano shi a jininsu. Ta kuma yi faɗa a kan kwalaben kemis: sinadarin folik da ke ciki yana gyara jini a ido, jijiyoyi kuma na can suna lalacewa.

Na tambaye ta a hankali, don kada Hajiya ta ji, ko ruwan garin ne. Ta yi murmushi. Ta ce hantar mutum tana ajiye B12 da zai ishe shi shekara uku zuwa biyar, don haka kafin rumbun ya ƙare har a ji a jiki, ɓarnar ta daɗe da farawa. Na yi lissafi da yatsu. Tun ina tsaye gaban allo a Maraɗi nake ɗauke da abina, da shi na tsallako Jibiya cikin kayan aure. Shekara guda ina hararar randar da ba ta ci ba, ba ta sha ba.

Da na aika hoton takardar ga wata ƙawata ma'aikaciyar jinya a gida, sai ta ce, "Ai cutar Biermer ce." Ashe ita ma cutar suna biyu gare ta. Masu Faransanci suna kiran ta da sunan likitan Jamus da ya yi bayaninta a 1872, masu Ingilishi suna ce mata mugun ƙarancin jini, domin a da kisa take yi. Sai a 1926 Minot da Murphy a Amurka suka gano cewa cin hanta mai yawan gaske kullum yana ceton masu ita, har suka sami kyautar Nobel a 1934 tare da Whipple. Da na gaya wa Hajiya wannan, sai da ta gyara zama ta ce, "To, me na ce maku?"

An fara yi mani allura yau a yi gobe a huta, daga baya ta koma duk wata, kuma ta har abada ce. An duba maƙoshina, don irin wannan rikicewar garkuwa takan haɗa da shi, an kuma zura na'ura an leƙa tumbina. Ƙarfi ya dawo cikin 'yan makonni. Ƙafa ta ɗauki watanni, babban yatsan hagu har yau bai gama farkawa ba.

Zaryar allurar nan ce ta koya mani gari. Yanzu ni kaɗai nake tare Keke Napep, na san inda ake yankar kati, na san kemis ɗin da ba ya rasa allurar, ina ciniki da naira ba na juya ta zuwa sefa a kaina. Ma'aikaciyar da ke yi mani allura, in ta hango ni a layi, sai ta ɗaga murya: "Bamaraɗiya, dala nawa yau?" Hajiya kuwa duk ranar allura sai ta aiki yaro mahauta ya sayo hanta.