Malam-buɗe-littafin tumfafiya: namu mai farin fiffike ne

'Yan uwa masu koyon ɗaukar hoton ƙwari, ga inda na kwana a daminar bana. Na jingine sauran ƙwari tukuna, na duƙufa kan malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo da ke shawagi a kan tumfafiya, wanda masana ke kira Danaus chrysippus. Linnaeus ne ya fara bayyana shi a 1758.

Duk waɗanda na ɗauka, daga bakin dam ɗin Gubi har gonakin hanyar Dass a jihar Bauchi, fiffikensu na baya fari ne, sai baƙin layi a gefe da 'yan baƙaƙen ɗigo. Amma ku duba hotunan na Masar ko Indiya, za ku ga na bayan ma ruwan lemo ne. Jinsi ɗaya ne, wuri ne ya bambanta su. Namu na Afirka ta Yamma sunansa alcippus. Na Somaliya da arewa maso gabashin Kenya kuwa, wato dorippus, ko baƙin nan mai ɗigon fari da ke bakin fiffiken gaba ba shi da shi. A wajejen Nairobi suke haɗuwa su yi barbara, launukan su cakuɗe.

Shi ya sa nake roƙonku, kowane hoto ku rubuta masa gari da kwanan wata. In babu sunan wuri, rabin amfanin hoton ya tafi.

Hannuna ya fara faɗawa wajen kama fiffike a buɗe. Da hantsi nake fita, lokacin da suke shan rana, in durƙusa ta bayansu yadda inuwata ba za ta faɗa kansu ba. Yanzu ina iya raba jinsinsu ma: namiji baƙaƙen ɗigo huɗu gare shi a fiffiken baya, mace uku.

Na kuma soma kiwon tsutsarsu a kwandon da na rufe da ƙyallen gidan sauro. Tana da zane baƙi da fari da rawaya, ga wasu siraran ƙahoni shida a gadon baya. Ganyen tumfafiya take ci, dafinsa ya zauna mata a jiki har bayan ta yi fiffike, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyale su. Don Allah in kun tsinko ganyen ku wanke hannu da sabulu, ruwan nan fari yana yi wa ido illa sosai.

'Yan uwanmu na Gombe, musamman na wajen Dadin Kowa da Kaltungo, ku duba mana naku. In wani ya ci karo da mai ruwan lemo a fiffiken baya, ya ɗauke shi ta sama da ta ƙasa.