Godiya ga waɗanda suka tsaya mana da shagonmu na intanet ya durƙushe

Assalamu alaikum. Shago ya buɗe. Tun jiya Lahadi bayan Isha'i shafinmu ya dawo, an gwada saye, an gwada biya, komai yana tafiya daidai. Alhamdulillahi. Ban ga ya dace in ci gaba da tallar shinkafa da busasshen kifi kamar ba abin da ya faru ba, sai na fito na yi godiya tukuna. Kuma zan faɗi gaskiyar lamarin, don na ji ana cewa kutse aka yi mana. Ba kutse ba ne. Hannuna ne.

A kan WordPress, manhajar gina shafin intanet, aka gina shagon, wata manhaja a cikinta mai suna WooCommerce ce ke riƙe da kaya da farashi da oda. Daren Alhamis ina zaune a shago nan Birnin Kebbi, mun gama ɗaure kayan Abuja, sai idona ya sake faɗawa kan jar alamar nan da ke nuna akwai sabuntawa tana jira. Na daɗe ina ganinta ina kawar da kai. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa: na zaɓe su duka na danna, ban ɗauki kwafin ajiya ba. Abu ya yi ta juyi, can sai shafin ya koma layi ɗaya na Turanci, wai ana gyara, a dawo bayan minti ɗaya. Na ce netwok ne, na rufe shago na tafi gida. Da asuba na duba, rubutun ya canza, yanzu cewa yake an samu babbar matsala a shafin. Ko ƙofar da nake shiga ta mai shago ba ta buɗuwa.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Bayan sallar Juma'a na kalli wani bidiyo a YouTube, mai bayanin ya ce a ɗaga PHP, yaren kwamfutar da WordPress ke aiki da shi, zuwa sabo. Na shiga cPanel, wurin da ake sarrafa saitin shafin, na mayar da shi daga 7.4 zuwa 8.2, ni da ban san me PHP ɗin yake yi ba. Garin neman gira ke nan.

Ba cinikin da ya tsaya ne ya hana ni barci ba. Azumi ya ƙarato, mutane sun biya kuɗin shinkafarsu, kuɗin na asusuna, sunayensu da adireshinsu kuwa suna cikin abin da ya ƙi buɗuwa. Wanda ya taɓa riƙe kuɗin mutane bai san na wa da wa ba ne ya san abin da nake nufi.

Godiya ta farko ga Injiniya, ƙanen aminina, wanda ya hau mota daga Jega ranar Asabar da kwamfutarsa a jaka. Ya hana ni faɗin sunansa. Yana zama ya ce, "Yaya, mi kat taɓa?" Na ce masa netwok ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, bayan netwok ɗin fa?" Dole na zayyana masa duka, har da bidiyon.

Bai fara da gyara ba. Ya ce sai ya kwafi gawar yadda take, don in an ƙara ɓatawa a samu wurin komawa. Rumbun bayanai ya sauko cikin filashinsa lafiya, amma da ya zo dunƙule fayiloli sai abin ya ƙi. Ya juyo mini da allon, ya ɗora yatsa a kan wani layi da ya yi ja har ƙarshe. Wurin da muke haya a sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ya cika maƙil. Hotunan kaya da nake ɗorawa kai tsaye daga waya ba tare da na rage musu nauyi ba, ga shi WordPress kan yanka kowane hoto gida-gida, babba da matsakaici da ƙarami, ga kuma tsofaffin kwafi tun na lokacin da aka gina shafin, su suka cinye wurin. Sabuwar WooCommerce ta zo sauka ba ta samu wurin ajiye kayanta duka ba, ta tsaya rabi da rabi. Netwok ɗin da na kwana biyu ina zagi ba ruwansa.

A nan ne na yi masa tambayar da ke cina, ko odar mutane ta tafi. Ya ce folda ɗin da ya lalace kamar kantar jera kaya ce kawai, littafin ciniki yana cikin rumbun bayanai, ba abin da ya taɓa shi. Ya buɗe ya nuna mini sunan wata Hajiya ta Kaduna da buhunta biyu. Sai a lokacin na iya shan shayin da aka kawo tun ɗazu.

Ya kwashe tsofaffin kwafin, ya sauko da WooCommerce sabuwa ya maye gurbin ta rabin. Muka sabunta shafi. Shiru, saƙon matsalar nan dai. Wallahi na ɗauka an gama da mu. Shi ko a jikinsa, ya buɗe fayil ɗin saitin WordPress, wp-config.php, ya kunna rubuta kurakurai, ya sake taɓa shafin, sannan ya karanta layin ƙarshe na debug.log, fayil ɗin da kurakuran ke shiga. Wata tsohuwar 'yar manhaja ce da ke lissafa mana kuɗin mota jiha-jiha, tana kiran wani umarni mai suna create_function, wanda aka cire tun PHP 8.0 da ya fito a Nuwamban 2020. Wato ɓarnar Alhamis daban, ta Juma'a daban, duka kuma tawa. Na ce to a koma 7.4 ɗin mana a huta. Ya ƙi. Ya ce tun Nuwamban 2022 aka daina toshe wa 7.4 kafofin tsaro, shagon da kuɗin mutane ke bi ta cikinsa bai kamata ya zauna a kai ba. Ashe mai bidiyo bai yi ƙarya ba, ni ne na sha maganin ba a kan cutar ba. Ya canza wa folda ɗin 'yar manhajar suna kawai, ta daina aiki, shafin ya miƙe. Da yake babu mai lissafin kuɗin mota yanzu, Lahadi muka wuni ina kiran tasha ina tambayar kuɗin buhu, shi yana shigarwa a tsarin yankunan aika kaya na WooCommerce ɗin kanta. Da na miƙa masa ambulan sai ya zare kuɗin mota kaɗai ya turo mini sauran. Allah ya yi wa rayuwarka albarka, ya jiƙan mahaifinku.

Wani abin takaici, ashe tun WordPress 5.2 na 2019, in shafi ya faɗi irin haka yakan aika wa mai kula da shi imel, ya faɗi abin da ya jawo, ya ba da hanyar shiga a gyara. Namu ya tafi adireshin yaron da ya gina mana shafin, yana can Kudu yana bautar ƙasa, don ban taɓa canzawa ba. Shi ma na gode masa, tsakar dare muka tashe shi ya ba mu kalmar sirri bai yi ƙorafi ba.

Sai 'yar ƙanwata da ke amsa mana WhatsApp. Tun ranar Juma'a, ba wanda ya sa ta, ta tuna cewa kowace oda takan turo saƙo a imel ɗin shago. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kwafa a littafin makaranta, suna da gari da lambar waya, har muka iya loda kayan mutum 11 ranar Asabar shafin yana kwance. Ita ce kuma ta gano mutum biyu da aka cire wa kuɗi daidai lokacin da abin ya faɗi, odarsu ta maƙale kamar ba su biya ba. Na gode, 'yata.

Na gode wa maƙwabcina mai cajin waya da ya ja mana waya daga solarsa da aka ɗauke wuta, da direbobin da suka riƙe mana wuri a mota, da iyayenmu mata masu kifi na Yauri da suka ce in bar kuɗinsu sai hankalina ya kwanta. Masu saye da suka yi haƙuri, Allah ya bar zumunci. Waɗanda suka kira da zafi ma ban ga laifinku ba, kuɗinku ne, ku yafe ni.

Kuɗin mota na jihohin Arewa maso Gabas ba mu gama shigarwa ba, mai saye daga can ya yi mana magana kafin ya biya. Sauran kayan Abuja da Kaduna za su tashi gobe Talata da safe in sha Allahu, na Legas sai Alhamis.