Na bar shagon turi, amma maganar waƙoƙin Malam ta ƙi barina

Jiya na miƙa wa oga makullin shago, bayan shekara uku da 'yan watanni ina zaune a kan benci ɗaya a PZ da ke Zariya ina turi, wato tura wa mutane waƙa da fim a waya. Duk wanda ke cikin sana'ar nan ya san yadda ta juya a kan idonmu, da can a kawo memori a ce cika min waƙa da fim, yanzu rabin masu zuwa so suke a buɗe musu Audiomack ko a gyara musu Boomplay ɗin da ya zo a cikin Tecno. Tun da Spotify ta shigo Najeriya a Fabrairun 2021 ɗaliban Samaru da Kongo suka fara zuwa da wata sabuwar buƙata, wai a kwashe musu filelis, wato jerin waƙoƙin da suka tara, daga wannan manhaja zuwa waccan. Da bankuna suka fara toshe biyan dala da katin naira a 2022 kuwa, abin ya zama kusan kullum, kowa na neman inda katinsa zai yi aiki.

A wannan lokacin ne wani dattijo ya zo, tsohon malamin makaranta daga Tudun Wada, shi ma yana so a kwashe masa nasa zuwa wata manhajar. Ɗansa ne ya buɗe masa akawun a wata manhajar waƙa tuntuni, shi kuma ya zauna a hankali ya tara waƙa ɗari takwas da ɗoriya, ya kasa su gida-gida: na safe daban, na hanya daban, bege daban. Akwai kukuma da kalangu da garaya, akwai na Sudan da Mali, akwai tsofaffin na Indiya. Ya nuna min wani jeri guda da ɗan yatsa, hannunsa na ɗan rawa, ya ce "yaro, wannan mai ɗakina ce ta zaɓa su kafin ta rasu, ka kula min da shi." Na ce in sha Allah Baba.

Ga abin da mutane da yawa ba su gane ba, ni ma a lokacin rabi-rabi na gane. Manhajojin da ake wannan aiki da su, irin su Soundiiz da TuneMyMusic da SongShift ta masu iPhone, ba waƙar suke ɗauka su kai can ba. Suna kawai suke karantawa, sunan waƙa da na mawaƙi da wata lamba mai harufa da alƙaluma 12 da ake kira ISRC, sai su je sabon wurin su nemo mai kama da ita. Waƙar Amurka ko ta Legas ba ta ba da wahala, lambarta na nan. Namu fa? Wani ya rubuta da ƙ wani da k, wani ya sa Alhaji wani Alh. wani ya ƙara Dakta, wata waƙar ma daga kaset wani bawan Allah ya ciro ya ɗora da sunan da ya ga dama. To sai manhajar ta ce ba ta samu ba, ko kuma ta ɗauko wata da sunan ya yi kusa ta sa, kuma wannan na biyun ya fi muni don a ido sai ka ga kamar komai ya tafi daidai.

Sannan manhajojin nan akwai na kyauta akwai na biya, na kyautar yana da iyaka. TuneMyMusic waƙa 500 take bari, Soundiiz 200 a jeri ɗaya. Na gaya wa oga waƙoƙin Malam sun haura haka, sai an biya na wata ɗaya. Ya riga ya karɓi kuɗin aiki cif, amma ya ce in yi da na kyauta, wai tsoho ne ina zai ƙirga. Na yi shiru. Wannan shirun shi ne laifina na farko kuma ba na ɗora wa kowa shi.

Na biyun ya fi ciwo. Da aka gama, shafin ya fito da sunayen waɗanda ba a samu ba ƙarara, ga layi a bakin shago, ga oga yana ta yi sauri yi sauri, na rufe shafin ko hoton allo ban ɗauka ba. Malam ya ce a tsayar masa da tsohon akawun ɗin don kar a ci gaba da cirar masa kuɗi, ni kuma maimakon in dakatar da biyan wata kawai, sai na shiga na goge akawun ɗin gaba ɗaya. Abu biyu ne daban, wallahi daban. Da biyan na tsayar, da jerin na nan yana jiransa. An turo saƙo ta imel cewa yana da kwana bakwai ya dawo da shi, imel ɗin da ba ya buɗewa, kuma ya yi tafiya Kano wajen 'yarsa sai bayan sati biyu ya dawo.

Ya shigo da sallama, bai ɗaga murya ba. Ya danna wata waƙa a jerin marigayiya, sai wani kiɗan zamani ya tashi mai suna iri ɗaya. Ya danna ta gaba, babu. Cikin arba'in da wani abu, sha ɗaya ne suka tsira. Ya dube ni ya ce "ɗana, ai na ce maka ka kula." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Oga kuwa nan take ya tashi a gaban mutane, wai shi ya ce min in biya na ƙi, wai yaran yanzu ba sa jin magana. Ya mayar wa Malam kuɗinsa daga albashina, ya kuma zaftare min na sati guda. Ban musa masa a gaban kwastoma ba don ba tarbiyyar gidanmu ba ce, amma har yau in na tuna yadda ya rantse a kan abin da ya san ba haka aka yi ba sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Masu shago, in kun ce yaro ya bi ta gajeriyar hanya to ku tsaya a kai ranar da ta ɓaci, abin da zan ce ke nan.

Wata biyu na yi ina zuwa gidan Malam bayan isha'i ranar Juma'a. Shi ya rera ɗan abin da ya tuna, ko ya ce ai wadda ake ambaton jirgin ƙasa a cikinta, ni kuma in shiga YouTube da Audiomack ina gwada rubutu kala-kala, da lanƙwasa da babu. Datana na sa, ban karɓi sisinsa ba. Mun dawo da ashirin da shida. Sauran shi ma sunayensu sun ɓace masa, ita ce ta san su.

Daga ranar ban sake taɓa jerin kowa ba sai na fara fitar da sunayen a fayil ɗin CSV, wato rubutaccen jerin sunaye, na tura masa ta WhatsApp. Tsohon akawun a bar shi wata guda tukuna. Abin da aka sauke don saurare babu data, ba ya bin mutum zuwa sabuwar manhaja, a kulle yake cikin manhajarsa, a faɗa wa kwastoma tun farko. Fasuwod shi zai shigar da hannunsa, in an gama a cire izinin da aka ba manhajar kwashewar. Waƙoƙin Hausa kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya da kunne, ko da zai ci awa biyu. Oga ya sha cewa ina ɓata masa lokaci, amma masu tambayar "ina yaron nan" a bakin shago ba shi suke nema ba.

Litinin zan buɗe ɗan teburina a Samaru. Malam ya ce zai turo jikansa da wayar, wai ya tuno wata guda ɗaya yana alwalar asuba, ya rubuta farkon baitin a bayan takardar magani.