Godiya daga iyalan Baba Manaja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin mahaifiyarmu da ƙannena da sauran dangi na nan Jos da na gida, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga kwanciyar mahaifinmu a asibiti har zuwa tashi daga zaman makoki. Allah Ya karɓi abinSa, mun kuma yi haƙuri da hukuncinSa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Muna gode wa likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi ta fama da shi dare da rana, da samarin unguwa da suka ba da jini ba tare da an roƙe su sau biyu ba. Muna gode wa malaman da suka yi masa wanka da sutura, da limamin da ya sallace shi, da masu haƙar kabari a maƙabartar Zaria Road da suka fita cikin sanyin nan na Jos tun gari bai gama wayewa ba. Iyayenmu mata na maƙwabta kuwa ba su bar mu mun hura wuta ba. Kunu da ƙosai da safe, tuwo da dare, har baƙin da suka kwana ba wanda ya kwana da yunwa. Masu kiran waya daga Kano, Kaduna, Bauchi da Abuja, da waɗanda kiransu ya shigo ba mu samu ɗauka ba, duk mun gani, Allah Ya saka.

Amma akwai wasu baƙi da nake so in daɗe a kansu, domin su ne suka sanar da mu wane ne mahaifinmu. Mutane ne da ba mu taɓa gani ba. Sun zo daga Mangu, Bokkos, Barikin Ladi da Bukuru, wasu a motar haya, wasu a bayan motar dankali. Akwai Hausawa da Fulani, akwai Birom da Magabul da Angas, Musulmi da Kirista, suka zauna a tabarma ɗaya. Mu a gida mun san shi da shiru da tsare gida. Su kuma sun san shi da Manaja.

Baba ya fara aiki ne a matsayin akawu a Bank of the North, zamanin da ake rubuta komai da hannu a cikin manyan littattafai, mai ajiya ya riƙe ɗan littafinsa, wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. Wani dattijo mai saye da sayar da shanu ya ba mu labarin canjin kuɗi na watan Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun naira, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba. Ya ce ya iso banki da yamma a gajiye, kuɗinsa ɗaure a tsumma cikin buhun gero, wasu har sun yi laima saboda binne su da ya yi a ɗaki. An rufe ƙofa, layi ya watse. Baba ya hango shi ta taga, ya fito ya zaunar da shi, ya riƙa ɓamɓare takardun ɗaya bayan ɗaya yana shimfiɗawa a kan tebur har suka bushe, ya ƙirga a gabansa, ya rubuta masa shaida. Dattijon ya ce, "Ɗana, ko sisi bai ɓata ba, kuma ko goro ya ƙi karɓa." Yana faɗa yana share hawaye da bakin rawaninsa.

Da gwamnatin Babangida ta ɓullo da bankunan al'umma a 1990, dattawan garinmu suka haɗa hannun jari, suka nemi ya dawo gida ya riƙe musu. Ya bar aikin da ake ganin ya fi tsoka ya koma. A irin wannan banki jingina ba ita ce gaba ba, sanin mutum ne. Manomin dankalin Turawa yana buƙatar taki kafin ruwa ya sauka, ba shi da takardar fili, sai dai shaidar mai unguwa da ta abokan nomansa. Baba ya san wanda zai biya da kaka, ya san wanda za a ɗaga wa ƙafa idan cuta ta kama gona. Matan da ke adashi ya koya musu kawo zubinsu banki maimakon ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Wata baiwar Allah ta ce da rancen farko da ya sa mata hannu ta sayi injin markaɗe, da shi ta yaye 'ya'yanta daga makaranta. Bankunan al'umma da yawa sun durƙushe tun kafin Babban Banki ya fito da tsarin mayar da su ƙananan bankunan ba da rance a 2005, galibi saboda masu faɗa a ji sun ci bashi sun ƙi biya. Abin da ya fi jawo masa baƙin jini ke nan, don ya sha hana manya, har da danginmu, ya ce kuɗin talakawa ne.

Na san akwai masu kallon aikin banki da ƙyama saboda kuɗin ruwa. Shi ma abin ya tsaya masa a rai. Da bankin Jaiz, bankin Musulunci da ba ya harka da kuɗin ruwa, ya fara aiki a 2012 ya ce da a zamaninsu aka samu wannan hanya da ya fi kowa murna. Muna roƙon ku sa wannan a cikin addu'ar da kuke yi masa.

Siyasarsa gajeriya ce. Jama'a suka matsa masa ya tsaya kansila a zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar 1998, ya ci, ya yi zango ɗaya ya ce ya isa. Bai fito da gida ko mota daga kujerar ba. Abin da ake tuna shi da shi rijiyoyin burtsatse ne, da kwalbati, da rufin azuzuwan firamare. Sai kuma watan Satumbar 2001, da rikici ya ɓarke a Jos ya fara bazuwa zuwa garuruwan kewaye. Wani fasto da ya zo mana gaisuwa ya ce su biyu suka riƙa zagaya unguwanni da ƙafa, shi da Baba, suna tare samari a bakin hanya suna mayar da su gida. Ya ce iyalinsa a gidanmu na can suka kwana a daren da ya fi muni. Ni ina makaranta a lokacin, kuma Baba bai taɓa ɗaga mana wannan zance ba. Ranka ya daɗe Fasto, zuwanka ya sanyaya wa mahaifiyarmu zuciya fiye da yadda kake zato.

Godiya ta musamman ga mutanen da suka ja ni gefe suka miƙo kuɗi, suka ce bashi ne tsakaninsu da shi, ba takarda ba shaida. Da sun yi shiru ba mai tambayar su. Allah Ya sa wa dukiyarku albarka. Haka nan tsofaffin abokan aikinsa na banki da abokan hamayyarsa na siyasa da suka zo suka ce sun yafe masa duk abin da ya taɓa shiga tsakani, mu ma a madadinsa mun yafe.

Saura roƙo ɗaya. Baba ya bar littafi da ya rubuta amanar da mutane suka ba shi ajiya, akwai takardun filaye da kuɗin marayu, kuma mun fara neman masu su. Duk wanda ya san yana da ajiya a wurinsa, ko yana bin sa bashi komai ƙanƙantarsa, don Allah kada kunya ta hana shi zuwa. Ya same ni ko baffanmu a gidan da aka yi zaman makoki, kowace rana bayan sallar la'asar. Muna so mu sauke masa wannan nauyi kafin a zauna rabon gado.

Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya jiƙan namu da naku da suka riga mu.

Wassalam.
Babban ɗansa, a madadin iyali.