Bayan sabunta Linux: hanya lafiya lau, sunaye ne suka ɓace

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana a kan tsohuwar kwamfutar da nake gwaje-gwaje da ita. Shekaranjiya na sabunta mata Linux, da ta sake tashi kuwa burauza ta ƙi buɗe kowane shafi, alhali alamar waya-fai tana nuna cewa an haɗu. Na ɓata kusan awa guda ina kashe na'urar rarraba intanet ina kunnawa, wanda yanzu na gane aikin banza ne, domin wayata tana aiki a kan layin nan ba tare da wata tangarɗa ba.

Da na natsu, sai na raba matsalar gida biyu: hanyar ce ta toshe, ko kuwa fassara suna zuwa lamba ce ta tsaya? Umarnin ip addr ya nuna cewa kwamfutar ta karɓi adireshi na ƙwarai, ba irin wanda ke farawa da 169.254 ba, wanda na'ura kan ba kanta idan DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, bai amsa mata ba. Na aika ping, wato saƙon gwada hanya, zuwa adireshin 8.8.8.8 da ke intanet, amsa ta dawo nan take. Na sake aikawa da sunan shafi, sai ta ce ta kasa gano sunan. A nan ne zargi ya koma kan DNS, tsarin fassara suna zuwa lamba da Paul Mockapetris ya ƙirƙira a 1983 domin mutane su huta da haddace lambobi.

Na buɗe /etc/resolv.conf, fayil ɗin da ke faɗa wa kwamfuta inda za ta tambayi suna, na tarar da layi ɗaya tak, yana nuni da 127.0.0.1, wato kwamfutar kanta, kuma da hannuna na rubuta shi watannin baya lokacin da nake koyon dnsmasq, wata manhaja mai fassara sunaye. Abin kunyar ma shi ne na kulle fayil ɗin da chattr +i don kada wata manhaja ta taɓa shi, sannan na manta. Bayan sabuntawar, systemd-resolved, wani mai fassara sunaye na Linux, ne ke fara tashi, yana zaune a ƙofa ta 53, wadda ake tambayar suna ta cikinta, a kan adireshin 127.0.0.53, shi kuwa dnsmasq, da yake a tsarinsa na asali yana neman kama wannan ƙofa a kan dukkan adireshin na'urar, sai ya tarar an riga shi, ya mutu. Saboda haka duk tambayar suna tana zuwa inda babu mai amsawa. Umarnin journalctl -u dnsmasq, mai nuna rahoton abin da ya faru da dnsmasq, ya faɗi wannan ƙarara, da ma shi na fara dubawa.

Ana iya sa DNSStubListener=no a cikin /etc/systemd/resolved.conf a bar wa dnsmasq ƙofar, amma ni ban ga amfanin riƙe masu fassara biyu a kwamfuta ɗaya ba. Na cire kullen da chattr -i, na dakatar da dnsmasq, na mayar da resolv.conf mahaɗi zuwa /run/systemd/resolve/stub-resolv.conf, sai resolvectl status ya nuna sabar da yake tambaya, shafuka kuma suka buɗe.

Saura abu ɗaya: sunan da na raɗa wa firintata a dnsmasq ya daina aiki. Gobe zan saka shi a /etc/hosts, fayil ɗin da ake rubuta sunaye da adireshinsu da hannu, in tabbatar ta hanyar umarnin getent hosts maimakon umarnin dig, tunda dig da kansa ba ya duba wannan fayil ɗin.