Kalmar "unnaturally" da murmushin yaƙe

A makon jiya ƙanena da ke karatun Ingilishi a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ya same ni a zaure, ya ce, "Yaya, mece ce ma'anar unnaturally?" Na ce masa ya fara raba ta gida uku: un- yana kore ma'ana, natural ta samo asali daga natura ta Latin, wato ɗabi'a ko halitta, shi kuwa -ly yana mayar da siffa ta zama bayanau, wato kalmar da ke bayyana yadda abu ya faru.

Kalmar tana da fuska biyu. Ta farko ita ce saɓa wa al'ada: idan mutum ya shiga kasuwar Dole da hantsi ya tarar ta yi tsit, babu ciniki babu kiran 'yan dako, Bature zai ce wurin ya yi "unnaturally quiet". Ta biyu, wadda ta fi burge ni, ita ce ƙaƙale. Ka dubi wanda ake bi bashi da ya yi kiciɓis da mai binsa a bakin masallaci, haƙora a waje, idanu suna neman hanyar zillewa. Wannan shi ne "he smiled unnaturally", abin da mu muke kira murmushin yaƙe.

Mu da muka yi karatu da Faransanci mukan gaggauta fassara ta da anormalement, alhali wannan fuskar farko kaɗai ta ɗauko, ta bar ƙaƙalen a baya.

Na kuma gargaɗi ƙanen nawa game da "not unnaturally", domin kore biyu ne suka haɗu, ma'anar ta koma "ba abin mamaki ba ne".